Me ya sa wasu lambobi ke tsallakewa idan ina gogewa a cikin madaukin `for`?

Tambaya: Ina koyon Python. Ina da jerin maki, ina so in cire duk wanda bai kai 50 ba. Ga abin da na rubuta:

```python
maki = [72, 45, 38, 90, 41, 20, 65]
for m in maki:
    if m < 50:
        maki.remove(m)
print(maki)
```

Sakamakon da ya fito shi ne `[72, 38, 90, 20, 65]`. Ga 38 da 20 suna nan daram, kuma babu wani saƙon kuskure. Ina matsalar take? Kuma wace hanya ce ta dace a tace jeri bisa sharaɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, sharaɗin da ka rubuta daidai yake, Python ma ta yi abin da ka umarce ta. Matsalar ita ce kana rage jerin a daidai lokacin da madaukin yake tafiya a kansa, shi kuma madaukin bai san ka taɓa komai ba.

Idan ka rubuta `for m in maki`, Python ba ta ɗaukar hoton jerin ta ajiye. Abin da take riƙewa lamba ɗaya ce kawai, lambar gurbin da za ta duba a gaba. Takan fara daga 0, duk zagaye ta ƙara ɗaya, ta tsaya idan lambar ta kai tsawon jerin kamar yadda yake a wannan lokacin. Shi kuma jeri ba ya barin gurbi fanko. Da zarar an cire abu, duk na bayansa sai su matso gaba da gurbi ɗaya. Kamar mai duba takardun mutanen da ke kan layi ne, yana bin gurbi ɗaya bayan ɗaya: ya fitar da wanda ke gurbi na biyu, na uku ya matso ya tsaya a wurinsa, shi kuwa mai dubawar ya riga ya wuce zuwa gurbi na uku. Wanda ya matso ɗin babu wanda ya duba takardarsa.

Mu bi naka a hankali. A gurbi na 0 akwai 72, ya zauna. A gurbi na 1 akwai 45, an cire shi, jerin ya koma `[72, 38, 90, 41, 20, 65]`. Yanzu 38 ne a gurbi na 1, amma madaukin ya gama da wannan gurbin, sai ya tafi na 2 ya tarar da 90. A gurbi na 3 ya sami 41 ya cire, 20 ya matso cikin gurbi na 3, madaukin ya wuce na 4 ya ga 65, aiki ya ƙare. Ko sau ɗaya ba a gwada 38 da 20 da sharaɗinka ba.

Abin da ya sa wannan kuskuren yake da haɗari shi ne yana ɓuya. Ba ya bayyana sai abubuwa biyu da suka cancanci cirewa sun zo a jere. Da a ce jerinka `[72, 45, 90, 41, 65]` ne, da ka sami amsa daidai, ka ɗauka shirinka lafiya yake, ka ci gaba da gina wasu abubuwa a kansa. Ranar da bayanai na gaske suka shigo, lissafi ya karkace, babu saƙon da zai nuna maka layin da ya jawo.

Wasu kan ce to bari su bi ta lambar gurbi, su rubuta `for i in range(len(maki))` su riƙa `del maki[i]`. Wannan ya haɗa matsala biyu. Tsallaken yana nan, sannan `range` sau ɗaya yake auna tsawon jerin tun a farko, don haka madaukin zai nemi gurbin da babu shi, Python ta tsayar da shirin da `IndexError`. Ni a wurina wannan ya fi naka sauƙi, domin aƙalla ya yi ƙara.

Gyaran da nake ba kowa shawara ya fara da shi yana buƙatar ka juya tambayar. Maimakon ka ce wa zan cire, ka ce wa zan riƙe, sai ka gina sabon jeri da su, tsohon kuma ka bar shi yadda yake har a gama tafiya a kansa:

```python
maki = [m for m in maki if m >= 50]
```

Wannan salon shi masu Python ke kira `list comprehension`. Ya shigo harshen ne a Python 2.0 a shekarar 2000, kuma tun daga lokacin shi ne hanyar da aka fi bi wajen tacewa. Karanta shi daga tsakiya: ga kowane `m` a cikin `maki`, idan ya kai 50, saka shi a sabon jeri. Python tana gama gina ɓangaren dama gaba ɗaya kafin ta ɗora masa sunan `maki`, shi ya sa babu karo. Za ka sami `[72, 90, 65]`.

Ka lura na juya sharaɗin daga `m < 50` zuwa `m >= 50`. A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, su rubuta `m > 50`, mai maki 50 cif ya faɗi ba da laifinsa ba. Idan sharaɗin mai rassa ne, abin ya fi rikitarwa: kishiyar "a da b" ita ce "ba a ba, ko ba b ba", wato `and` yana komawa `or`. Idan kana shakka, kada ka wahalar da kanka, bar sharaɗin cirewar yadda yake ka sa masa `not` a gaba: `if not (m < 50 and zuwa < 10)`. Akwai ma wurin da `not (m < 50)` da `m >= 50` suke ba da amsa daban. Ƙimar nan ta `float("nan")`, mai nufin "ba lamba ba ce", wadda ke yawan fitowa idan an karanto bayanai masu giɓi, duk kwatancen girma da aka yi da ita `False` yake bayarwa. Saboda haka salon farko zai riƙe ta, na biyu zai jefar da ita. Kai za ka yanke wanda kake so, amma ka yanke da saninka.

Sai wani abu da ya kamata ka fahimta sosai, don shi ne ke biyo baya da zarar mutum ya koyi layin da ke sama. Rubuta `maki = [...]` ba ya canza tsohon jerin. Sabo yake ƙirƙira ya mayar da sunan kansa. Idan akwai wani suna a shirinka da ke nuni ga tsohon jerin, shi yana nan da 45 da 38 ɗinsa. An fi ganin wannan a cikin fankishin:

```python
def tace(jeri):
    jeri = [m for m in jeri if m >= 50]

tace(maki)
```

Bayan wannan kiran `maki` bai canza ba ko kaɗan, domin sunan `jeri` na cikin fankishin ne kawai ya koma kan sabon abu, da aka fita kuma ya ɓace. Mafita biyu ce. Ko dai fankishin ya dawo da sabon jerin da `return`, wanda shi na fi so saboda mai karatu yana ganin abin da ya shiga da abin da ya fito, ko kuma ka zuba sakamakon cikin tsohon jerin:

```python
jeri[:] = [m for m in jeri if m >= 50]
```

Alamar `[:]` a hagu tana nufin a maye duk abin da ke cikin wannan jerin, jerin kansa kuma ya ci gaba da zama shi ne. Duk wanda ke riƙe da shi zai ga canjin. Ka yi amfani da wannan idan da gaske kana so kowa ya gani, ka guje shi idan wani ɓangare na shirin yana tsakiyar tafiya a kan jerin, don ka dawo gidan jiya ke nan.

Za ka ga wasu suna gyara irin lambarka da kwafi, su rubuta `for m in maki[:]` su bar `maki.remove(m)` a ciki. Tsallaken zai tafi, tunda a kan kwafin ake tafiya, asalin ake ragewa. Duk da haka ba na son wannan hanyar, kuma dalilaina biyu ne. Na farko, `remove` ba abin da ke hannunka yake cirewa ba, abu na farko da ya yi daidai da shi yake nema tun daga farkon jerin. Ɗauki `[3, 5, 3]`, kana so ka cire maimaici ka bar wanda ya fara zuwa. Idan ka iso 3 na biyu ka kira `remove(3)`, na farkon zai tafi, ka tashi da `[5, 3]` alhali `[3, 5]` kake nema. Kuma a Python `1` da `1.0` da `True` duk daidai suke a kwatance, don haka a jeri mai gauraye `remove` na iya ɗauke wanda ba ka nufa ba. Na biyu, tsada. Kowane kiran `remove` sai ya bincika daga farko, sannan ya matso da duk na baya. A jeri mai abu 7 ba za ka ji komai ba. A jeri mai abu 100,000 da za a cire rabinsa a warwatse, cirewa 50,000 ce, kowace da binciken dubban gurabe, jimillar kwatancen ta haura biliyan ɗaya. Salon gina sabon jeri kuwa sau ɗaya yake bi ta kan kowane abu, kwatance 100,000, shi ke nan.

Idan dole sai ka goge a wurin, ba ka son kwafi, to ka taho daga baya:

```python
for i in range(len(maki) - 1, -1, -1):
    if maki[i] < 50:
        del maki[i]
```

Wannan yana aiki saboda waɗanda ke matsowa bayan gogewa duk an riga an duba su. Matsowar dai tana nan da tsadarta. Akwai kuma hanyar da ke kawar da ita gaba ɗaya, inda kake karantawa da lamba ɗaya kana rubutawa da wata:

```python
w = 0
for m in maki:
    if m >= 50:
        maki[w] = m
        w += 1
del maki[w:]
```

A nan ana taɓa jerin a cikin madauki, amma tsawonsa ba ya canzawa sai an fita, kuma gurbin rubutu ba ya taɓa wuce gurbin karatu. Ka san da ita, amma da wuya ka buƙace ta sai jerin ya yi girman da kwafinsa zai cika ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Game da inda `if` yake zama a cikin layin, wurare biyu ne kuma aikinsu daban. Idan ya zo a ƙarshe, tacewa yake yi, sakamakon na iya gajarta, kuma ba ya karɓar `else`. Idan ya zo a farko, kafin `for`, sauya ƙima yake yi, tsawon jerin ba ya canzawa, kuma `else` wajibi ne:

```python
[m for m in maki if m >= 50]
[m if m >= 50 else 0 for m in maki]
```

A kan jerinka na asali, layin farko zai ba da abu 3, na biyu zai ba da abu 7, huɗu daga ciki sifili. Wanda ya rubuta `[m if m >= 50 for m in maki]` zai gamu da `SyntaxError`.

Akwai kuma `filter`, wanda ya girmi wancan salon. Kana ba shi fankishin da jeri, ya riƙe abubuwan da fankishin ya amince da su. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri Python, ya taɓa ba da shawara a 2005 cewa a cire shi daga sigar harshen da ke tafe, tunda salon gina jeri yana yin aikinsa. A ƙarshe an bar shi, amma da Python 3.0 ta fito a 2008 halinsa ya canza: ya daina dawo da jeri, sai wani abu da ke miƙo sakamako ɗaya bayan ɗaya idan an nema, kuma sau ɗaya ake shanye shi. Idan ka bi ta kansa da madauki, ka sake bi karo na biyu, ba za ka sami komai ba, babu kuma kuskuren da zai faɗakar da kai. In kana bukatarsa fiye da sau ɗaya, nannaɗe shi da `list`. Ni ina amfani da `filter` ne idan fankishin yana da suna tun asali, kamar `filter(str.isdigit, kalmomi)`. Idan sai na rubuta `lambda`, wato fankishin marar suna, gara in koma ɗayan salon, ya fi daɗin karantawa.

Ka yi hattara da `filter(None, jeri)` da ɗan'uwansa `[x for x in jeri if x]`. Mutane na amfani da su don cire `None`, wato alamar babu ƙima, amma duk abin da Python ke ɗauka a matsayin ƙarya suke sharewa: `None`, da `0`, da `0.0`, da rubutu fanko, da jeri fanko. A jerin maki wannan ɓarna ce. Wanda ya ci sifili ya zauna jarrabawa, wanda ke da `None` bai zauna ba, kuma idan ka jefar da sifilin matsakaicin makin ajin zai hau sama ba bisa gaskiya ba. Rubuta abin da kake nufi: `if x is not None`. Idan kuma jerin yana da `None` kana so ka kwatanta da 50, sa gwajin `None` a farko, `if m is not None and m >= 50`, domin `and` yana tsayawa da zarar ɓangaren hagu ya faɗi, shi kuwa `None >= 50` a Python 3 `TypeError` yake jawowa.

Idan bayanan suna da yawa, misali fayil mai miliyoyin layuka, ba sai ka gina jeri ba. Canza baka mai kusurwa zuwa baka mai lanƙwasa, ka sami janareta, wato abin da ke miƙo sakamako ɗaya bayan ɗaya idan an nema. Wannan salon rubuta shi ya shigo a Python 2.4 a 2004:

```python
with open("rahoto.txt") as f:
    adadi = sum(1 for layi in f if "ERROR" in layi)
```

Layi ɗaya ne a ƙwaƙwalwa a kowane lokaci, komai girman fayil ɗin. Sai dai janareta yana jinkirta aikinsa har sai an nema, kuma wannan jinkirin yana da tarko. Idan ka rubuta `iyaka = 50`, ka gina `g = (m for m in maki if m >= iyaka)`, sannan ka canza `iyaka` zuwa 80 kafin ka kira `list(g)`, da 80 za a tace, ka sami `[90]` kawai. Ana karanta sharaɗin ne lokacin shanyewa.

Ƙamus, wato `dict` mai haɗa kowane mabuɗi da ƙimarsa, da `set`, tarin da ba ya maimaita abu, sun fi jeri tsanani a wannan batun, kuma wannan alheri ne. Idan ka goge mabuɗi kana tsakiyar tafiya a kan ƙamus, Python za ta tsayar da kai da `RuntimeError`, ta ce girman ƙamus ya canza ana cikin zagaye. Maganin iri ɗaya ne, ka gina sabo:

```python
sakamako = {"d01": 72, "d02": 45, "d03": 38, "d04": 90}
suka_ci = {k: m for k, m in sakamako.items() if m >= 50}
```

Tun daga Python 3.7 harshen ya tabbatar da cewa ƙamus yana kiyaye tsarin da aka zuba abubuwa, don haka waɗanda suka rage za su fito a jerin da suke. Idan kana so ka goge a cikin asalin, ka fara kwashe mabuɗan: `for k in list(sakamako)`, sannan `del sakamako[k]`. A nan kwafin ba shi da matsalar da na ambata a kan `remove`, saboda mabuɗi ba ya maimaituwa kuma gogewa a ƙamus ba ta buƙatar bincike daga farko. Canza ƙimar mabuɗin da ke nan kuwa, kamar ƙara wa kowa maki 5, babu laifi a cikin madauki, tunda girman bai motsa ba.

Kada kuma son layi ɗaya ya sa ka cusa komai a cikinsa. Madauki na yau da kullum yana da wurinsa. Idan kana buƙatar ɓangarorin biyu, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, buɗe jeri biyu fanko ka raba su a tafiya ɗaya da `if` da `else`. Idan kowane abu zai sha aiki mai layuka da yawa, sa `continue` a saman madaukin ya kori waɗanda ba ka so, sauran aikin ya zauna a fili ba tare da ya nutse cikin `if` uku ba. Idan na farkon da ya cika sharaɗi kawai kake nema, `next((m for m in maki if m < 50), None)` zai tsaya da zarar ya same shi, ya ba ka `None` idan babu. Idan tambayarka ita ce ko akwai, `any` ya isa. Idan kuma sharaɗin yana buƙatar lissafi mai nauyi wanda sakamakonsa kake son ajiyewa, alamar `:=` da ta zo a Python 3.8 a 2019 tana hana ka yin lissafin sau biyu: `[t for layi in layuka if (t := layi.strip())]` yana share sararin gefe, ya jefar da layukan da suka zama fanko, ya ajiye sauran a tsabtace. Ƙa'idata ita ce, idan layin ya kai na karanta shi sau biyu kafin in gane, zan warware shi ya koma madauki.

Idan wata rana ka koma wani harshen, za ka tarar da batun yana jiranka. A JavaScript, kiran `splice` a cikin madauki mai hawa yana tsallake abu kamar yadda naka ya yi, maganin kuma `filter` ne, wanda ke dawo da sabon jeri. Perl na da `grep`. Ruby na da `select` da `reject`, da kuma `delete_if` mai gogewa a wurin ba tare da tsallake ba. A PHP, `array_filter` yana barin lambobin gurbi na asali, sai ka ga 0 da 3 da 6 a maimakon 0 da 1 da 2, har sai ka bi da `array_values`.

Ga naka shirin, `maki = [m for m in maki if m >= 50]` ya wadatar. Kafin ka amince da shi, ko da duk wata tacewa da za ka rubuta nan gaba, gwada shi da jeri fanko, da jerin da kowa zai fita kamar `[10, 20, 30]`, da wanda babu mai fita, da wanda masu fita biyu ke jere, da wanda ke ɗauke da 50 cif da kuma 0. Tsohuwar lambarka idan ka ba ta `[10, 20, 30]` za ta bar maka `[20]`, sabuwar kuma dole ta ba ka `[]`.